Kwana Shida a Kisangani: Yadda Ruwanda da Yuganda Suka Gwabza a Cikin Yaƙin Kwango

Ranar Litinin, 5 ga Yuni 2000, da hantsi, yara suna aji, kasuwa ta fara ci, sai ƙarar igwa ta tashi a Kisangani. Mutanen garin ba baƙin wannan ƙara ba ne. Sun ji ta a watan Agusta na 1999, sun sake jin ta a farkon Mayu, wata ɗaya kacal kafin wannan rana. Sun kuma san masu harbin. Sojojin gwamnatin Kinshasa, waɗanda aka ce su ake yaƙa, suna can nesa da ɗaruruwan kilomita. Waɗanda suka girke manyan bindigogi a cikin unguwanni suna yi wa juna luguden wuta sojojin Ruwanda ne da na Yuganda, maƙwabta biyu da suka shigo Kwango tare, da baki ɗaya, ƙasa da shekara biyu kafin nan. Wutar ba ta mutu ba sai ranar Asabar, 10 ga wata.

Tawagar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura daga baya ta ƙirga fararen hula fiye da 760 da suka mutu, da kimanin 1,700 da suka ji rauni. Gidaje fiye da 4,000 sun rushe ko sun lalace, makarantu 69 sun sha harsashi, asibitoci da babbar majami'ar garin ma ba su tsira ba, mutum 65,000 kuma suka tsere cikin kurmi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam na garin sun ce mamatan sun kai dubu. A Kwango ana kiran abin da ya faru Yaƙin Kwana Shida.

Duk wanda ya buɗe taswira, nisa ne zai fara ɗaure masa kai. Tsakanin Kisangani da iyakar Yuganda ko ta Ruwanda akwai kurmi na kimanin kilomita 500. Duka ƙasashen biyu sun ce tsaron iyakarsu ne ya kawo su Kwango. To me ya kai su kashe juna a nan?

Abotar da aka ƙulla a daji

Sai an koma 1981 kafin a kamo bakin zaren. A watan Fabrairu na wannan shekara Yoweri Museveni ya shiga daji don yaƙar gwamnatin Milton Obote, kuma cikin mutanen farko da suka bi shi akwai 'yan gudun hijirar Ruwanda biyu, Fred Rwigyema da Paul Kagame. 'Ya'yan Tutsi ne da iyayensu suka gudo Yuganda sakamakon rikicin da ya faro a 1959. Lokacin da rundunar Museveni, NRA, ta kama Kampala a Janairu 1986, dubban mayaƙanta 'yan asalin Ruwanda ne. Rwigyema ya kai mataimakin ministan tsaro, Kagame ya zama babba a sashen leƙen asirin soja. Ranar 1 ga Oktoba 1990 waɗannan sojoji suka sulale daga barikokinsu da kakinsu da makamansu, suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar iyayensu da sunan ƙungiyar tawaye ta RPF. An kashe Rwigyema a rana ta biyu. Kagame ya baro kwas ɗin da yake yi a Amurka ya karɓi ragama, Yuganda kuma ta zama majinginarsu har zuwa Yulin 1994, lokacin da suka kama Kigali bayan kisan ƙare-dangin da ya ci rayuka kimanin 800,000.

Daga wannan tarihi ɗaya kowane ɓangare ya ɗauko labarinsa. Hafsoshin Kampala suna ganin su suka raini yaran nan, suka koya musu riƙon bindiga, suka raka su har gida. Na Kigali kuwa suna ganin da jininsu aka ɗora Museveni a kan mulki, kuma da aka gama, 'yan siyasar Yuganda suka fara tuna musu cewa su baƙi ne. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ke da bashi a wuya. Ga shi sun san juna ciki da bai: barikin da wannan ya kwana, can wancan ya kwana, wanda ya koyar da wannan shi ya koyar da wancan. Irin wannan sani yana sa raini ya yi saurin shiga.

Kisan ƙare-dangin ne ya ja su Kwango, wadda a lokacin ake kira Zayar. Fiye da mutum miliyan ɗaya sun kwarara can a 1994, kuma a cikinsu akwai tsofaffin sojojin gwamnatin da ta faɗi da mayaƙan Interahamwe, 'yan bangar Hutu da suka yi kisan, waɗanda suka mai da sansanonin kusa da Goma da Bukavu wurin shirin komawa. A 1996 Ruwanda ta afka wa sansanonin, Yuganda da Angola suka mara mata baya, aka sa wani tsohon ɗan tawaye, Laurent-Désiré Kabila, a gaba. Kisangani ta faɗi a Maris 1997, Kinshasa ta bi baya ranar 17 ga Mayu, shugaban Zayar, Mobutu, ya gudu. Sabon shugaban ya hau kujera da hafsan Ruwanda, James Kabarebe, a matsayin shugaban rundunar sojan Kwango. Zaman bai yi daɗi ba. A Yulin 1998 Kabila ya sauke Kabarebe, ya ce sojojin waje su tattara su tafi. Ranar 2 ga Agusta bore ya tashi a Goma.

Ruwanda ta so ta gama da Kabila cikin 'yan makwanni. Kabarebe ya ƙwace jiragen sama, ya kwashi sojoji daga gabas zuwa sansanin Kitona kusa da Tekun Atlantika, ya kama madatsar Inga, ya katse wa Kinshasa wuta. Da ba don Angola da Zimbabuwe sun shigo ba, da Kabila ya faɗi. Namibiya da Chadi ma suka zo taya shi. Yaƙin da aka tsara na makwanni ya koma na shekaru, ƙasar ta rabu, kuma abokan nan biyu suka sami kansu zaune a kan yanki mai faɗi da ba su taɓa tattauna yadda za su raba shi ba.

Dalilan tsaron da suka bayar ba ƙarya ba ne. Masu kisan ƙare-dangi suna nan a yankin Kivu na gabashin Kwango suna kai hari cikin Ruwanda. 'Yan tawayen ADF, masu yaƙar gwamnatin Yuganda, suna cikin duwatsun Ruwenzori, kuma a Yunin 1998 sun ƙone ɗalibai kimanin 80 a kwalejin fasaha ta Kichwamba da ke yammacin Yuganda. Sai dai duk waɗannan a bakin iyaka suke.

Gari ɗaya, iyayen gida biyu

Kisangani, wadda Turawan Beljiyam suka kira Stanleyville, tana inda jirgin ruwa daga Kinshasa yake ƙarewa, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,700 a kan Kogin Kwango. Daga nan gangaren ruwa na Boyoma ya tare hanya. Garin yana da filayen jirgin sama biyu, Bangoka a wajen gari da Simi-Simi a ciki, kuma a ƙasar da tituna suka mutu, wanda ya riƙe filin jirgi shi ya riƙe ƙofar shiga da ta fita. A kurmin da ya kewaye garin ana haƙar lu'ulu'u da hannu, a kawo shi gidajen saye da ke cikin birni. 'Yan tawaye da sojojin Ruwanda sun kama garin kafin Agustan 1998 ya ƙare, na Yuganda suka sauka a farkon Satumba.

Tun daga farko ba su yarda da juna a kan yadda za a yi yaƙin ba. Kigali tana son ƙungiyar tawaye ɗaya, umarni ɗaya, sojojinta a gaba, a kai ga Kinshasa da wuri. Museveni yana wa'azin abin da ya yi a ƙasarsa: a horar da 'yan ƙasa, su jawo talakawa, su ƙwaci kansu da kansu. A bayan wannan wa'azi akwai lissafi, don ƙungiyar da aka kafa a Goma, RCD, a hannun Kigali take, kuma idan ta ci yaƙi Ruwanda ce za ta sake naɗa sarki a Kinshasa. Saboda haka Yuganda ta raini tata ƙungiyar, MLC, a lardin Equateur, ƙarƙashin Jean-Pierre Bemba, ɗan wani hamshaƙin attajiri na zamanin Mobutu. A Yulin 1999 suka kama Gbadolite, garin Mobutu, wanda ya fi kilomita 1,000 daga iyakar Yuganda. A nan maganar tsaron iyaka ta riga ta zama abin faɗa wa 'yan jarida.

Ita kanta RCD haɗin gambiza ce: tsofaffin mutanen Mobutu, waɗanda suka ɓata da Kabila, da 'yan Banyamulenge, wato Tutsin Kwango. Shugabanta na farko, Ernest Wamba dia Wamba, malamin tarihi ne daga Jami'ar Dar es Salaam, mutumin alƙalami da aka ɗora a kan mutanen bindiga. Ya karkata ga Kampala. A Mayun 1999 aka tsige shi aka naɗa Émile Ilunga. Wamba ya ce bai san zancen ba, ya tare a Kisangani sojojin Yuganda suna gadinsa. Gari ya zama yana da RCD biyu, rundunonin ƙasashen waje biyu, kowa da shingensa a kan titi, kowa da wanda yake karɓar haraji.

Abin da ya kunna ashanar farko, abin mamaki, yarjejeniyar zaman lafiya ce. Ranar 10 ga Yuli 1999 ƙasashe shida suka sa hannu a Lusaka, Bemba ya bi su ranar 1 ga Agusta. Saura RCD, kuma ba a san wa zai riƙe alƙalami ba, don Wamba ya ce shi ne shugaba, Ilunga ya ce shi ne. Wanda ya sa hannu shi ke da kujera a teburin rabon mulki, uban gidansa kuma yana tsaye a bayansa. Aka shirya tawagar Zambiya da Afirka ta Kudu ta je Kisangani ta ga wane ne ke da jama'a a ƙasa. Da jin haka kowane ɓangare ya ga dole ya nuna garin nasa ne. An fara taɓa juna ranar 7 ga Agusta, sannan daga 14 zuwa 17 ga wata rundunonin biyu suka buɗe wa juna wuta a filin jirgi, da kewayen otal ɗin da Wamba yake zaune, da masaƙar Sotexki. Ranakun sun faɗo a lokacin allurar rigakafin shan inna, wanda aka roƙi masu yaƙi su tsagaita saboda shi, kuma mata da yaran da suka fito karɓar ɗigon maganin sun maƙale a cibiyoyin lafiya.

Ruwanda ce ta yi rinjaye. Museveni da Kagame, wanda a lokacin mataimakin shugaban ƙasa ne kuma ministan tsaro, suka gana a Mweya cikin Yuganda suka tsayar da wuta. Rikicin sa hannun kuwa aka warware shi ta hanyar da ba ta buƙatar ko harsashi ɗaya: ranar 31 ga Agusta duka waɗanda suka kafa RCD, su hamsin, suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Wamba ya koma garin Bunia, kusa da iyakar Yuganda. Shugabannin rundunonin biyu, Jeje Odongo da Kayumba Nyamwasa, suka yi binciken haɗin gwiwa wanda ya ɗora yawancin laifin a kan ɓangaren Yuganda, Kampala ta yi watsi da shi. Hafsoshinta sun koma da gawarwaki da kunya. Ɗan hakin da suka raina ya tsone musu ido a gaban duniya, kuma tun daga ranar ake jiran ramuwa.

Maganar lu'ulu'u

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne ɓarayi biyu ne suka yi faɗa a kan ganima. Akwai hujja mai ƙarfi a kansa. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na Afrilun 2001, ya nuna cewa Yuganda da Ruwanda, waɗanda ba sa haƙar lu'ulu'u a ƙasarsu, sun zama masu fitar da shi zuwa kasuwar duniya bayan shigarsu Kwango. Jiragen da suka kawo sojoji da harsasai ba sa komawa wayam: zinariya, katako, kofi, da ma'adinin koltan, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2000 saboda wayoyin salula da sauran kayan lantarki.

Salon cin ne ya bambanta. A ɓangaren Ruwanda abin a tsare yake, akwai wani ofishi na musamman mai kula da harkar Kwango wanda kuɗin ke bi ta cikinsa don ɗaukar nauyin yaƙin. A ɓangaren Yuganda manyan hafsoshi ne da abokan kasuwancinsu, kuma sunayen da suka fi fitowa su ne Birgediya James Kazini, kwamandan dakarun Yuganda a Kwango, da Salim Saleh, ƙanen Museveni. Hukumar binciken da Yuganda ta kafa da kanta ƙarƙashin alƙali David Porter ta wanke shugaban ƙasa, amma ba ta wanke Kazini ba. An ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. A Kisangani kowa ya ɓoye tasa, don gidan sayen lu'ulu'un da ya biya wannan ɓangare haraji, wancan ya yi asara ke nan.

Duk da haka ni ban gamsu cewa lu'ulu'u kaɗai ya isa bayani ba. Da kasuwanci ne zalla, da sun raba, don ɓarin wuta na kwana shida ya kori 'yan kasuwa, ya tsayar da jirage, ya jawo musu idon duniya da binciken da ya tona asirin cinikin. Ɗan kasuwa ba ya ƙona rumfarsa. Abin da kuɗin ya yi shi ne ya sa barin garin ya zama asara ga mutanen da ke ba da umarni a wurin, waɗanda su ne kuma ke aika wa shugabanninsu rahoton abin da ɗaya ɓangaren yake ƙullawa. Idan aka haɗa wannan da tsohon raini, da tambayar wa zai naɗa shugaba a Kinshasa, ba a buƙatar wani ya zauna ya tsara yaƙi. Taƙaddama a shinge ɗaya ta isa.

Mayu da Yuni

Da asubahin 5 ga Mayu 2000 aka sake gwabzawa, na yini ɗaya. A daidai lokacin tawagar Kwamitin Sulhu ƙarƙashin jakadan Amurka Richard Holbrooke tana zagayen yankin, ta samo alƙawarin cewa duka ɓangarorin za su janye daga garin. Kagame, wanda ya zama shugaban ƙasa a watan Afrilu, ya gana da Museveni a Mwanza ta Tanzaniya, aka sake jaddada alƙawarin, hafsoshi suka tsara jadawalin janyewa. A takarda komai ya yi daidai.

Ramin da ke cikin shirin shi ne ba a amsa tambayar wa zai riƙe garin bayan an fita ba. Kwamitin Sulhu ya amince tun Fabrairu a tura dakaru 5,537 ƙarƙashin MONUC, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, amma ba su iso ba. Abin da ke Kisangani 'yan tsirarun masu sa ido ne marasa makami. Ruwanda ta ce mayaƙan RCD ta Goma, ɓangaren Ilunga, 'yan Kwango ne, ba baƙi ba, don haka maganar janyewa ba ta shafe su ba. A idon Yuganda wannan yana nufin ta fita ta bar wa yaran Kigali gari. Kowane ɓangare yana kwashe wasu sojoji a gaban masu sa ido yana duban ko ɗayan ya ɓoye nasa a kusa. Ana cikin wannan janyewa ta rabi da rabi wutar 5 ga Yuni ta tashi, kuma har yau kowa yana cewa ɗayan ne ya fara.

Babban ɓangaren garin yana tsakanin ruwa biyu, Kogin Kwango a kudu da Kogin Tshopo a arewa. A kan Tshopo akwai gada, kusa da ita kuma tashar da ke ba garin wutar lantarki. Dakarun Yuganda suka ƙetaro gadar daga arewa suka shiga unguwar Tshopo, mai cunkoson jama'a, na Ruwanda suka tare su daga tsakiyar gari. Sojoji suna kafa igwa a tsakar gidajen mutane da harabar makarantu, su harba, su matsa, martanin kuma ya sauka a kan masu gidan. An ƙiyasta harsasan manyan bindigogi fiye da 6,000 suka faɗa wa garin. Wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya tsaya. Iyalai suka kwana shida a ƙarƙashin gado, ba abinci, wanda ƙishirwa ta fitar da shi neman ruwa sau da yawa ba ya dawowa. Yaran da faɗan ya ritsa da su a makaranta wasu ba su ga iyayensu ba sai bayan mako. An yi ta shelar tsagaita wuta daga Kigali da Kampala da New York, ana karya ta kafin labarin ya iso unguwa. A ƙarshe dakarun Ruwanda suka tura na Yuganda hayin gadar. Ma'aikatan Red Cross suka bi tituna suna kwasar gawarwakin da suka fara ruɓewa, aka binne da yawa a kabarin bai-ɗaya.

Ranar 16 ga Yuni Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1304. Ya yi tir da faɗan, ya ce a fitar da duk masu makami daga Kisangani, ya kira sunan Yuganda da Ruwanda a matsayin waɗanda suka keta 'yancin Kwango, ya kuma ce ya kamata su biya diyyar rayuka da dukiyar da suka salwantar. Ihu bayan hari. Rundunonin biyu sun ja da baya daga cikin gari, amma RCD ta Goma ta zauna daram, wato abin da Yuganda ta ji tsoro shi ya faru. Mutanen Kisangani sun sake ɗanɗana kuɗarsu a Mayun 2002, lokacin da wasu sojoji suka yi bore suka kama gidan rediyo, RCD ta murƙushe su, aka kashe mutum fiye da 160 bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jefa gawarwaki a Kogin Tshopo daga kan wannan gadar dai.

Iyakar da ba a taɓa ba

Akwai abin da bai faru ba, kuma a ganina ya fi komai bayyana lamarin. Ruwanda da Yuganda suna da iyaka ta kansu, daga Kigali zuwa mashigar Gatuna tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka. Sun tara sojoji a wurin, sun zargi juna da ɓoye 'yan tawaye, a Maris 2001 Yuganda ta sa Ruwanda a jerin ƙasashen da take ɗauka abokan gaba. Amma ba su yi yaƙi a can ba. Igwa ba ta sauka a Kabale ta Yuganda ko Byumba ta Ruwanda ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A lokacin duka gwamnatocin biyu sun dogara da tallafin waje don cike kasafin kuɗinsu, kuma Birtaniya tana kan gaba a masu ba su. Da zance ya kai ga yaƙi a kan iyakarsu, ministar raya ƙasashe ta Birtaniya, Clare Short, ta shiga tsakani, aka kira shugabannin biyu Landan a Nuwamba 2001, suka sauko. Yaƙi a gida zai ci musu tallafi, ya ci musu garuruwa, ya sa talakawansu su yi tambaya. A Kisangani kuwa gidajen da suka rushe na wasu ne, waɗanda suka mutu ba sa zaɓe a Kampala ko Kigali, gwamnatin da ya kamata ta kare su ba ta da ko ɗan sanda ɗaya a garin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaƙin basasar maƙwabci ya ba su filin da za su auna ƙarfin juna da araha.

Bayan Kisangani ma gabar ba ta mutu ba, hannu ta sauya. An kashe Laurent Kabila a Janairu 2001, ɗansa Joseph ya gaje shi, Ruwanda ta sa hannu a yarjejeniyar Pretoria ta janye dakarunta daga Kwango a Yulin 2002, Yuganda ta sa a ta Luanda a Satumba. Amma a yankin Ituri na arewa maso gabashin Kwango ƙungiyar UPC ta Thomas Lubanga, wadda ta tashi da taimakon Yuganda, ta koma ɓangaren Kigali, sojojin Yuganda suka kore ta daga Bunia a Maris 2003. Shekaru bayan haka, daga 2019 zuwa Janairu 2022, Ruwanda ta rufe mashigar Gatuna kusan shekara uku. Ko a lokacin, rufe ƙofa aka yi.

Gaban alƙali

Kwango ta kai ƙarar Yuganda Kotun Duniya da ke Hague tun Yunin 1999, kafin ma faɗan farko. A hukuncinta na 19 ga Disamba 2005 kotun ta yi fatali da hujjar kare kai da Yuganda ta kawo, ta ce ta keta haramcin amfani da ƙarfi, ta ce sojojinta sun kashe fararen hula sun kuma wawushe dukiyar ƙasa. Lauyoyin Yuganda sun yi ƙoƙarin cire Kisangani daga shari'ar da hujjar cewa faɗan na mutum biyu ne, ba za a yanke shi ɗaya ba ya nan ba. Kotun ta ce za ta iya duba abin da Yuganda ta aikata ba tare da ta yanke wa Ruwanda hukunci ba.

Ruwanda kuwa ba ta tsaya gaban alƙali a kan gundarin maganar ba. Yuganda ta amince tun 1963 cewa kotun tana da hurumi a kanta, Ruwanda ba ta taɓa ba da irin wannan amincewa ba. Ranar 3 ga Fabrairu 2006 kotun ta ce ba ta da ikon sauraron ƙarar da Kwango ta shigar a kanta. Runduna biyu suka harba, a titi ɗaya, a mako ɗaya, wadda ta ci yaƙin ta tafi abinta, wadda aka kora ita aka miƙa wa takardar biya. Wannan ba ya rage laifin Yuganda ko kaɗan, amma duk gwamnatin da ke kallo ta ga amfanin ƙin sa hannu.

Ba a gurfanar da ko hafsa ɗaya a kan kwanakin nan shida ba. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ba ta duba abin da ya faru kafin Yulin 2002. Rahoton da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2010, wanda ya tattara munanan al'amura 617 da suka faru a Kwango tsakanin 1993 da 2003, ya ba da shawarar a kafa kotu ta musamman mai alƙalan gida da na waje, ba a kafa ta ba. Kazini ya zama kwamandan rundunar sojan Yuganda a 2001. Kabarebe ya zama babban hafsan tsaron Ruwanda, daga baya ministan tsaro. Karenzi Karake, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce shi ya jagoranci dakarun Ruwanda a Kisangani a Yunin 2000, an naɗa shi mataimakin kwamandan rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur a 2007.

Maganar diyya ta ɗauki wasu shekara goma sha shida. Kwango ta nemi fiye da dala biliyan 11. Ranar 9 ga Fabrairu 2022 kotun ta yanke dala miliyan 325: miliyan 225 na rayuka da raunuka, 40 na dukiya, 60 na albarkatun ƙasa, kuma wannan na duk ɓarnar da Yuganda ta yi ne a faɗin gabashi da arewacin ƙasar, Kisangani wani yanki ne kawai a ciki. Za a biya kashi biyar, dala miliyan 65 duk shekara. Yuganda ta yi gunaguni, amma ta biya kashin farko a Satumba 2022. Gwamnatin Kinshasa ta kafa asusu na musamman, FRIVAO, don raba wa waɗanda abin ya shafa, cikinsu har da guragu da masu dungu da suka shafe shekara ashirin suna zarya tsakanin ofisoshi. A Satumba 2025 wata babbar kotu a Kinshasa ta yanke wa tsohon ministan shari'a, Constant Mutamba, hukuncin shekara uku na aikin dole, saboda karkatar da dala miliyan 19 daga kuɗin diyyar, da sunan gina gidan yari a Kisangani.